Satifiket ɗin Google ko MicroMasters, wanne ya dace da kai?

Ɗan'uwa, ka ce kana da digirin farko, kana aiki, babu halin komawa aji, kana so ka san wanda za ka ɗauka tsakanin satifiket ɗin Google da ke Coursera da MicroMasters na edX (Coursera da edX shafukan karatu ne a intanet). To, ba gida ɗaya suka nufa ba.

Na Google, wanda ya fara a 2018 da kwas ɗin kula da kwamfutocin ma'aikata, don neman aiki aka yi shi. Ba a tambayar ka digiri, kuma mai ba shi awa goma a mako zai iya kammalawa cikin kamar wata shida. Bidiyo za ka kalla, ka amsa tambayoyi, na'ura ta duba. In ka faɗi ka sake. Babu mai sa maka ido, kuma masu ɗaukar ma'aikata sun san haka. Shi ya sa ranar intabiyu takardar ba ta wadatarwa, sai an ce nuna abin da ka iya.

MicroMasters kuwa yanki ne na digiri na biyu da aka ciro aka sa a intanet. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi a 2015, a fannin sarrafa kaya daga masana'anta zuwa hannun mai saye. Na wannan fannin kwasa-kwasai biyar ne masu lissafi da yawa, sai jarrabawar ƙarshe da ake tsarewa: ka nuna katin shaida ga kyamara, ka zauna kai kaɗai a ɗaki, ana naɗar motsinka har ka gama. Yakan ci fiye da shekara. Wanda ya ci yana iya neman gurbi a MIT, in an ɗauke shi a lissafa masa abin da ya riga ya yi, ya ƙarasa saura a harabar jami'ar. Amma fa neman gurbi ne, ba alkawari ba.

Ni dai a ganina, in canjin sana'a kake so da wuri, ɗauki na Google. In kuwa zuciyarka na kan digiri na biyu, MicroMasters ya fi, da sharaɗin kafin ka biya ko sisi ka rubuta wa jami'ar da kake hari ka ji ko tana karɓar sa, domin kowace jami'a ita ke yanke wa kanta wannan hukunci.