Wacce manhaja za ka ɗauka in kana son rubutun kwamfuta ya zama kiɗa?

Ƙanena da ke Tudun Wada ya dame ni da tambaya tun ranar da ya ji kwamfutata tana buga ganga alhali rubutu kawai nake yi. To ga amsar, gare shi da ire-irensa.

Ni dai Sonic Pi nake so, kuma ba na ɓoyewa. Sam Aaron ne ya ƙirƙiro ta a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 2012, don koyar da yara 'yan makaranta. Ka rubuta play 60, ka danna, sai sauti ya fito. Ka mayar da shi 72, muryar ta haura sama. Ka sa sleep 0.5 a tsakani, kiɗa ya samu numfashi. Daɗinta yana wajen live_loop: kiɗan na zagayawa kana sauya lambobi, ba ya tsayawa, kamar mai kalangu da ke sauya take ba tare da ya ɗaga hannu ba. Akwai ma wani bugun ganga a ciki mai suna bd_haus. Da farko na ɗauka mu Hausawa ake nufi, ashe ba mu ba ne. Uwa uba, da zarar ka sauke ta, ba ruwanka da data. In an ɗauke wuta, batirin laftof ya ishe ka.

Akwai wasu hanyoyin. Bytebeat, salon fitar da kiɗa daga lissafi wanda Viznut na ƙasar Finlan ya yaɗa a 2011, abin burgewa ne: layi ɗaya kamar t*(42&t>>10) yana fitar da waƙa, lambobi 8000 a kowace daƙiƙa. Amma ƙararsa irin ta tsohon gem ce, rage sauti kafin ka sa abin kunne. Manhajar TidalCycles kuwa sai ka girka wasu manhajoji biyu, Haskell da SuperCollider, tukuna. Na kwana biyu a kai, na haƙura. Strudel, wata manhajar, a burauza take, sai da data za ka fara buɗe ta.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Duk waɗannan kyauta ne, ko sisi ba a biya. Amma a wani shago a cikin gari na biya kuɗi aka tura mini "cikakkiyar" Sonic Pi a filashi, wai ta intanet rabi ce. Ƙarya ce. Abin da na kwaso bairos ne, ya mayar da fayilolina duka gajerun alamomi, aikin makaranta na wata guda ya tafi. Daga shafin manhajar kawai za ka sauke.

In kuma a ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi za ka sa ta, kula da katin memori. Akwai na jabu da aka rubuta 64GB a jiki, cikinsa bai kai 8GB ba. Zai karɓi fayil lafiya lau, sai ka dawo buɗewa ka tarar ya lalace. Ka ce wa mai shago a cika katin a gabanka, a sake buɗe fayilolin farko da na ƙarshe. In ya fara cewa "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?", ɗauki kuɗinka ka ƙara gaba.