Sabon keken nan mai zafin inji: wata uku ana jiran sakamakon bincike

Duk mai shirin ɗaukar sabon samfurin Keke Napep ɗin nan da ya shigo Birnin Kebbi ƙarshen bara, ina ba shi shawara ya dakata tukuna. Ba zan kama sunan kamfani ko na dila ba, masu keke sun san wanda nake nufi. Guda huɗu muka ɗauka lokacin sanyi, kuma har ƙarshen Fabrairu babu wanda ya yi ko tari. Bazara na kamawa halinsu ya fito.

Abin da ya fi ɓata mini rai ya faru ne cikin Afrilu a hanyar Kalgo, wajen ƙarfe biyu na rana. Keken bai cika wata biyar ba, fasinja uku ne a baya, babu kaya. Mace ɗaya daga cikinsu ce ta fara cewa kujera na ƙona ta, sai kuma warin fetur ya cika keken. Direba ya tsaya ya buɗe murfin baya, sai ga tiyon mai da ke zuwa kafireto ya yi laushi kamar cingam, ya tsage ta ƙasa, fetur na ɗiga a kan wuyan salansa yana tashi da hayaƙi. Allah ne kawai ya kiyaye. Rigar wayoyin da ke bi ta gefen ma ta narke ta manne da juna, kuma da waya ɗaya ta yi tartsatsi a wannan lokacin da wani labarin ake yi. Da aka duba sauran ukun a gareji, biyu tiyonsu ya riga ya bushe ya fara tsattsagewa a daidai wuri guda.

Wuri guda, a keke uku daban, da direbobi uku daban. Wannan ba halin tuƙi ba ne, ƙira ce. Injin keke yana baya ne, a cikin akwati ƙarƙashin kujerar fasinja, iskar hanya ba ta dukan shi kamar na babur. Fanka ce ke jawo iska, murfin da ya lulluɓe inji ya bi da ita ta tsakanin haƙarƙarin silinda, ta fita da zafin. A wannan samfurin murfin roba ne marar kauri, idan ya sha zafi sai ya lanƙwashe ya buɗe baki ta gefen hagu, iskar da ya kamata ta bi ta kan silinda sai ta zurare ta nan. Farantin da ke tare zafin salansa kuma gajere ne, bai rufe lanƙwasar wuyan ba, ga tiyon mai an bi da shi ta wurin, tsakaninsu bai fi yatsa biyu ba. A garin da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, wace roba ce za ta jure wannan?

Akwai wata alama da direbobi ke rainawa. Idan aka kashe keken bayan doguwar tafiya, fanka ta tsaya amma ƙarfe na nan da zafinsa, sai fetur ya tafasa a cikin kwanon kafireto. Shi ya sa yake ƙin tashi sai ya huta minti goma ko fiye, a yi ta zargin batir da fulogi alhali lafiyarsu lau.

Da aka mayar wa dila, amsar farko ita ce laifin direbobi ne: sun matse kafireto, suna lodi fiye da ƙima, suna zuba baƙin man kwalba. Gaskiya ban ce babu masu yi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kusan kowane direba na roƙon bakanike ya matse masa don ya rage shan mai, kuma idan iska ta rinjayi fetur inji na ƙara zafi sosai, har ya kai ga ƙone bawul ko huda fistin. Amma wannan abu ne da ake ganewa cikin minti biyu. Kwance fulogi ka duba bakinsa: idan ya yi fari fat kamar alli, an matse, idan launin ƙasa-ƙasa ne, daidai yake. Na wannan keken launin ƙasa ne, fentin da kamfani ya ɗiga a kan sukurun kafireto ma ba a taɓa shi ba. Da aka nuna musu haka sai maganar ta koma cewa injiniyoyi za su zo su yi bincike, a rubuta lambar inji da ta shasi a jira.

Yau wata uku. Ba takarda, ba rana, ba wanda ya kira. Abin da ya fi ciwo shi ne sharaɗin garanti: wai duk wanda ya sauya wa tiyo hanya ko ya ƙara faranti kafin injiniyoyi su gani, garantinsa ya faɗi. To mutumin da ya karɓi keke biya kaɗan-kaɗan, ga balas na jiran shi kowace yamma, ya ajiye ne ko ya ci gaba da ɗaukar 'yan makaranta a kan fetur mai ɗiga? A Amurka, lokacin da aka samu rahotannin gobara a babur mai ƙafa uku na Can-Am Spyder, hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta ƙasar ce ta buɗe bincike a 2014, ba mai sayarwa aka bar wa ya binciki kansa ba. Mu ma muna da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da hukumar ingancin kaya, SON. Ya kamata masu keken nan su haɗa hotuna da rasit da lambobin inji su kai koke a rubuce, a ƙungiyance.

Kafin nan, ga abin da ba ya taɓa garanti. Kowace safiya kafin a tayar, a matsa tiyon mai da yatsa tun daga tanki har kafireto. Idan ya yi tauri ko ya yi danƙo, a ɗauki hotonsa a kai wa dila ya sauya da hannunsa, a kuma ajiye tsohon. A duba sandar baƙin mai keken na tsaye a wuri mai daidai, domin abin da injin ke ɗauka bai kai lita biyu ba, rabin kofi ya ragu sai ka ji a zafi. A zuba 20W-50 na galan mai hatimi, a juye duk kilomita 1,000 a bazara. Ƙurar hunturu da ta haɗu da maiƙo tana toshe haƙarƙarin silinda, a sa buroshi da kananzir a wanke idan inji ya huce. Tafet kuma, wato 'yar tazarar da ake bar wa bawul, da sanyin inji ake gwada shi, da ma'auni, ba da kunne ba, don idan ya matse bawul ba ya zama sosai ya sauke zafinsa. Sai a ɗaga ƙafafun baya a juya da hannu ko birki na kamawa. Tsakanin sha biyu da la'asar a riƙa hutar da shi, kuma kada a kashe nan take bayan tafiya mai nisa irin ta Jega, a bar shi yana silo minti biyu fanka ta yi aikinta.

Ba zan ɓoye ba, keken na da daɗin tuƙi. Giya na shiga sumul, ba ya shan mai kamar tsohon samfuri, ga shi yana shanye ramukan Badariya ba tare da fasinja ya yi ƙorafi ba. Da sun gyara murfin fanka da farantin nan, ni da kaina zan ce a saya. Amma sai in tuna cewa tiyon da aka sauya mana bayan abin Kalgo irin wancan ne sak, aka kuma bi da shi ta hanya ɗaya, yatsa biyu daga salansa. Mun duba shi ranar Asabar, ya fara sheƙi ta ƙasa.