Tabarau mai hangen nesa 8x42 da agwagwa mai farin ido

Duk mai son sayen tabarau don kallon tsuntsayen ruwa, shawarata ya nemi mai lamba 8x42. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu ninki takwas, 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske da sassafe ko ranar da hazo ya sauka. Nawa ba na wani babban kamfani ba ne, a kasuwa na saye shi, kuma a Dagona da ke fadamar Haɗejiya da Nguru na gwada shi da hunturu.

Tsuntsuwar da ta sa na yarda da shi wata 'yar agwagwa ce mai nutso, masana na kiranta Aythya nyroca. Tsawonta bai wuce kamar santimita 40 ba. A gabashin Turai da tsakiyar Asiya take ƙyanƙyasa, sanyi ke koro ta har fadamunmu da Tafkin Chadi. Da ido kawai, baƙin abu za ka hango a gefen kachalla. Da na saita tabarau sai jikin ya fito ja mai duhu kamar jan goro, ga farin tabo ƙal a ƙarƙashin wutsiya, ga idon namijin fari fat. Idon macen ruwan ƙasa ne, ita ma jikinta bai kai nasa haske ba. In ta tashi, wani farin layi mai faɗi ke bayyana a fiffike.

Nutsonta ne ke ba da wahala. Sai ta ɓace gaba ɗaya tana neman 'ya'yan ciyawa da saiwoyi da ƙwarin ruwa, ta ɓullo can wani wuri. A nan 8x42 ya fi mai ninki goma, domin filin da yake nunawa ya fi faɗi, hannu ma bai cika rawa ba a cikin kwalekwale. Kirinjijiya, wata agwagwar fadama mai kuka kamar fito, kam da kukanta ma ka gane ta, amma wannan shiru take yi, kuma yawanta na raguwa a duniya saboda bushewar fadamu da farauta, shi ya sa ganinta ya faranta mini rai ƙwarai.

Aibin tabarau ɗin nawa: gefen gilashin na dishi-dishi, igiyar wuyan siririya ce tana cin fata, ƙura kuma tana shiga wajen juya saiti. Na canja igiyar, ina kuma ajiye shi cikin leda in iska ta taso. Mai sa gilashin ido ya gwada kafin ya biya, ya tabbata robar bakin wajen da ake sa ido tana lanƙwashewa, don ya iya leƙawa da gilashinsa a ido.