Littafin bikin naɗi ko rahoton jarida: wanne ne madogara?

Malam, ka tambaya ko littafin da ƙungiyar ci gaban garinku ta buga ranar naɗin dagaci zai isa ka rubuta masa maƙala a Wikipedia, ko kuwa gara ka dogara da rahoton jaridar da ya ambaci sunansa lokacin da ruwa ya ci gonaki a yankin Ringim.

Littafin naɗin ya fi jaridar bayani nesa ba kusa ba, domin a cikinsa za ka ga salsalar gidan, da jerin waɗanda suka riƙe sarautar, da hoton mai girma dagaci cikin alkyabba a bangon gaba, sannan shafukan taya murna na waɗanda suka ba da gudummawa. Matsalarsa ita ce 'yan gida ne suka rubuta shi, da kuɗinsu, don su karrama nasu, kuma babu wani edita na waje da ya tace shi. Wannan ba ya nufin ƙarya ce a ciki, watakila ma ya fi kowa sanin shekarar da aka yi naɗin, sai dai shaidar ɗan gida ba ta nuna cewa mutum ya shahara a wajen garinsu.

Jaridar kuwa, in irin su Aminiya ce ko Daily Trust, tana da editoci, kuma ba ta da dangantaka da dagacin, saboda haka ta cika sharaɗin ingancin majiya da Wikipedia ke nema. Amma ka sake duba rahoton: a layi ɗaya sunan ya fito, inda yake roƙon gwamnati ta kawo agaji. Ka'idar shahara, wato ma'aunin da Wikipedia ke bi don tantance wanda ya cancanci a rubuta masa maƙala, tana neman majiyoyi masu zaman kansu, fiye da ɗaya, da suka yi magana a kan mutumin kansa da tsawo, ba ambato a kan hanya ba.

A ganina ka rubuta maƙalar a kan garin, tunda garin da hukuma ta san da zamansa ya fi sauƙin karɓuwa, ka sa sunan dagacin a ciki da jaridar a matsayin madogara. Idan ka zo yawan jama'a ka yi hattara, domin alƙaluman ƙidayar 2006 da ake samu na ƙaramar hukuma ne gaba ɗayanta, kada ka ɗora su a kan ƙauye guda.