Hayar kwale-kwale da fatsa a ƙaramin tafki

Masu kula da wannan ƙaramin tafki suna ba da hayar kwale-kwale da fatsa, kuma kayan nasu masu ƙwari ne, sai dai wanda ya zo neman babban kifi zai sha jira. Karfasa ta yi yawa ƙwarai, kuma da yake tana hayayyafa da sauri a ruwan da abincinsa bai wadata ba, yawancinta ta tsumbure, da kyar take kai tafin hannu. Tarwada ce ke biyan wahala, domin tana fitowa kiwo a ƙasan ruwa da magariba, amma abin takaici, a daidai lokacin ne suke karɓe kwale-kwalensu. Ciyawar bakin gaɓa kuwa tana yawan riƙe ƙugiya.