Sabon bulok ɗin injin da ya cinye mini wata bakwai

Na daɗe ina danne wannan magana a zuciya, amma gara in faɗa, ko wani zai tsira da kuɗinsa. Bulok ne, wato gangar jikin injin mota, sabo fil, na ƙarfen zubi, mai silinda huɗu, irin wanda kamfanin ke tallatawa da cewa an yi shi ne musamman don masu son ƙara wa injin ƙarfi da turbo. Ranar da aka buɗe akwatin, wallahi sai da na ji daɗi. Fenti tsaf, saman da tof, wato murfin silinda, ke zama a kai sumul, ramukan kusoshi babu ko ɗigon tsatsa. Bakaniken da ke mini aiki, dattijo ne da ya shekara fiye da talatin yana haɗa injina, ya auna saman da mazaunin kurankishaf, ya ce komai daidai.

Muka yi borin, wato faɗaɗa ramin silinda, na rabin milimita, muka sa fistin masu jure zafi, sababbin ringi da metal ɗin da kurankishaf ke juyawa a kai, da gasket mai falle-fallen ƙarfe. Na yi kilomita 1,000 ina lallaɓa motar, ba ta nuna komai ba. Ko ɗigon ruwa bai ragu a lagireto ba.

Sai ranar da muka hau na'urar gwajin ƙarfi. A ja na farko da na biyu injin na kuka mai daɗi. Da aka ɗaga matsin iskar turbo zuwa bar 1.3, ina tsaye kusa da gaban motar, sai na ga ruwan da ke cikin robar ajiya yana tafasa, alhali allurar zafi ba ta ma wuce tsakiya ba. Tiyon sama ya kumbura ya yi tauri kamar itace. Kafin a kashe, farin hayaƙi ya fara fita ta salansa. Gabana ya faɗi. Kowa a wurin ya ce gasket ne. Muka sauke tof, muka kai aka duba shi, lafiyarsa lau, muka sa sabon gasket. Bayan kwana tara abin ya dawo, wannan karon har baƙin mai ya koma fari-fari a jikin sandar awo.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Yarona, mu daina zargin gasket. Ciwon yana cikin ƙarfen." Na ce, "Baba, sabo ne fa." Bai ce komai ba, ya fara kwance injin.

An toshe duk hanyoyin ruwa, aka hura iska a ciki, aka tsoma bulok ɗin a ruwan ɗumi. Na durƙusa ina kallo. Daga bangon silinda ta uku, can ƙasa-ƙasa, wasu ƙananan kumfa suka fara tasowa a jere, siriri kamar zare. Da aka tsane shi aka haska fitila, sai ga ɗigo-ɗigon ramuka da ba su kai kan allura ba. Iska ce ta maƙale a cikin narkakken ƙarfe lokacin zubi, ta bar kogo a ciki, borin ɗinmu ya zo ya yaye fatar da ta rufe shi. Ruwan lagireto matsinsa bai fi bar ɗaya da 'yan kai ba, amma fashewar mai a cikin silindar injin turbo tana iya kai bar 100. A tuƙin lallaɓa ramin yana shiru, da an matsa masa sai wuta ta bi ta cikinsa ta shiga ruwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne awon kauri. An bi bangon kowace silinda da na'urar da ke auna kaurin ƙarfe da sauti. A ta uku, gefe ɗaya ya kusa milimita 6, ɗaya gefen bai cika 3 ba, kuma shi ne gefen da fistin ke dannawa idan wuta ta tashi. Ƙullin yashin da ake sawa a mazubi don ya bar gurbin ruwa ne ya goce daga wurinsa, aka zuba ƙarfe a haka, aka yi fenti, aka sayar mini. Da muka cire murafun gefe, har yashin zubi muka kakkaɓo, ya kai cikin tafin hannu.

Na san zubi ba ya rasa tangarɗa. Ko Honda, ba su suka yi nawa ba, sun taɓa tsawaita garantin bulok ɗin Civic na 2006 zuwa 2009 har shekara 10 saboda tsagewa da yoyon ruwa. Wannan shi ne ɗaukar nauyi. Nawa kamfanin kuwa da farko cewa suka yi tunda an yi borin, garanti ya faɗi. To wa ke sayen irin wannan bulok ya sa shi a mota ba tare da an taɓa shi ba? Sai da na tura hotunan kumfar da takardar awo, aka yi mako biyar ana kai-komo, sannan suka amince.

In faɗi gaskiya, na biyun da suka aiko ya yi kyau. Kafin a ɗora masa ko sifana mun auna kaurinsa, mun hura masa iska, mun bi shi da gwajin maganaɗisu don neman tsaga. Bangon silinda huɗun duka sun haura milimita 5 ta kowane gefe. Yanzu wata huɗu ke nan yana ɗauke da bar 1.5, zafi bai taɓa motsi ba, kuma injin yana ja yadda na yi mafarki. Har na fara cewa a raina zan iya ba wani shawara ya saya.

Amma duk lokacin da na ga fistin na uku a kan kanta, gefensa duk ya karce, sai abin ya dawo mini sabo. Shi ba su biya ba. Metal ɗin da ruwa ya lalata ba su biya ba, haka gasket biyu, da kuɗin borin sau biyu, da wahalar dattijon nan da ya kwance injin sau uku. Kuma na biyun ma, da muka zura buroshi a hanyar baƙin mai, ɓarɓashin ƙarfe muka fito da shi, wanda da ya isa metal da labarin ya sake zama wani. Na rubuta musu na tambaya ko suna auna kaurin bango kafin kaya ya bar masana'anta, na kuma roƙi takardar awon wanda suka aiko mini. Yau wata uku ke nan ban samu amsa ba.