Rigar da Za Ka Saya Kafin Ka Shiga Kayak a Ruwan Sanyin Sikotlan

Duk shekara, da zarar watan Afrilu ya kama rana ta fara leƙowa a Gilasgo, sai wani daga cikin 'yan'uwanmu da suka zo karatu ya tambaye ni irin ƙaramin kwalekwalen kayak da ya kamata ya saya domin zuwa tafkin Lomond. Nakan ce masa ya jingine maganar kwalekwale tukuna, ya fara da abin da zai sa a jikinsa, domin a wannan watan iska takan yi ɗumi alhali ruwan yana nan da sanyinsa na hunturu.

Ƙungiyar ceton rai a teku ta RNLI, wadda aka kafa a 1824, tana ɗaukar duk ruwan da bai kai digiri 15 a ma'aunin Salshiyas ba a matsayin ruwan sanyi, kuma matsakaicin zafin tekun da ya kewaye Birtaniya da Ailan bai wuce digiri 12 ba. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, idan kuwa kansa yana ƙarƙashi a lokacin, ruwa zai shaƙa. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita lamarin da lissafin 1-10-1: minti 1 na kokawa da numfashi, minti 10 kafin hannu da ƙafa su daina yin abin da aka sa su, sai kimanin awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Gwanin iyon da ya taso a bakin kogin Neja ko gulbin Argungu bai tsira daga wannan ba, domin ruwan da ya saba da shi mai ɗumi ne, kuma iyo ba ya yiwuwa da hannun da ya sandare.

Kaya iri uku ne ake sayarwa don wannan matsala. Akwai rigar sama mai hana ruwa, wadda ke tsayawa a ƙugu. Wannan tana kare mutum daga feshin igiya ne kawai, da zarar ya kife ruwa zai shiga ta ƙasa, don haka ba na sa ta a lissafi. Akwai matsattsiyar rigar robar niyofirin da a shagunansu ake kira wetsut, wadda ke barin ruwa kaɗan ya shiga jiki ya ɗumama shi. Tana da araha, kuma mai kaurin milimita 5 tana amfani ga masu iyo, amma ga wanda zai yi awa uku a zaune iska tana kaɗa shi, matse kafaɗa take yi, kuma idan ta jiƙe sanyin iska yana ratsa ta.

Ta ukun ita ce zaɓina, wato rigar gaba ɗaya mai rufe jiki daga wuya zuwa tafin ƙafa, wadda suke kira dirasut. Yadinta ba ya barin ruwa ya shiga, a wuya da wuyan hannu akwai zoben robar lateks mai kama fata, ƙafafun ɗinke suke da safa, zif ɗinta kuma na musamman ne mai toshe ruwa. Abin da masu saye da yawa ba su gane ba shi ne rigar ba ta da ɗumi na kanta. Aikinta ta tsare busasshiyar iska da kayan da ke ciki, domin ruwa yana kwashe zafin jiki da saurin da ya ninka na iska kusan sau 25. Saboda haka a ƙarƙashinta kayan ulu ko makamantansu ake sawa, ba auduga ba, wadda ke shan gumi ta manne a fata. Kamfanonin da aka sani da ita sun haɗa da Kokatat na Kalifoniya, wanda ke ɗinka wasu da yadin Gore-Tex mai barin gumi ya fita, da NRS na jihar Idaho, sai Palm da Peak PS (wanda a da ake kira Peak UK) da Typhoon a Ingila. Sabuwa mai kyau takan ci fam ɗaruruwa, ta Gore-Tex ma takan haura dubu. Ina ba da shawarar a zaɓi mai zif a gaba, wadda mutum zai iya rufewa da kansa, mai ƙaramin zif na biyan buƙata a ƙasa, kuma a gwada ta a shago da kayan ciki a jiki, a tsuguna, a ɗaga hannu sama, a ga ko tana ja a bayan wuya.

Tsadar nan ce ta kai ni ga gwanjo, kuma a nan na ƙone. Na sayi tawa ta farko a intanet daga wani mutum da ya rubuta cewa sau biyu kacal ya sa ta. Hotunan sun yi kyau, rigar ma da ta iso fes take. Ban san ana miƙe robar wuya a duba ta a haske ba. Rannan muna tsallakawa daga ƙauyen Luss zuwa ɗaya daga cikin tsibiran tafkin, iska ta taso daga arewa, igiya ta bugi gefen kwalekwalen na kife. Na ji ruwa yana gangarowa ta wuyana zuwa ƙirji kamar an zuba mini ƙanƙara, kafin abokin tafiyata ya juyo ƙafafun rigar sun cika, na yi nauyin da na kasa hawa da kaina. Ina kallon filafilina yana yawo kusa da ni, na kai hannu, yatsuna suka ƙi rufuwa a kansa. Da muka fita gaɓa na ja robar da yatsa biyu, sai ga ta duk tsaga kamar busasshen taɓo, kuma zif ɗin ya rasa haƙora biyu a inda marfinsa ya ɓoye.

Tun daga ranar, ba na duba sunan kamfani kafin na duba robar. Lateks yana tsufa ko da ba a sa shi ba. Hasken rana da man kare fata da maganin sauro duk suna cinye shi, alamarsa kuwa ita ce danƙo a hannu ko ƙananan tsaga idan an miƙe shi. Ana iya sauya shi, amma mai sayarwa na gaskiya zai faɗa maka ya rage kuɗi. A juya rigar a bi tef ɗin da ke kan ɗinki da yatsa, musamman a hammata da tsakanin ƙafafu da diddigen safa, duk inda ya ɗago ruwa zai bi. A ja zif daga farko har ƙarshe sau uku. Wanda ya ƙi turo hoton cikin riga, ko ya ce a biya shi kai tsaye a wajen shafin da ya yi talla, ko ya ce wani na jira a yi sauri, a rabu da shi. Haka nan shafukan da ke ɗauke da tambarin babban kamfani suna tallar sabuwa a kashi ɗaya bisa biyar na kuɗinta: ko dai jabu za a aiko, ko kuma ba za a aiko komai ba.

Jabun ya fi muni a rigar hana nutsewa, wadda dole ne a ɗora ta a kan dirasut kowace rana. Ta masu kayak ita ce mai soso, mai lamba 50N (ma'aunin ƙarfinta na ɗaga mutum a ruwa) da shaidar inganci ta ISO 12402-5 a buge a cikinta tare da nauyin jikin da aka yi ta dominsa. Ba ta juya wanda ya suma fuskarsa sama, wannan aikin mai lamba 150N ne, amma tana barin hannu ya yi tuƙi. Na taɓa riƙe wata mai araha da aka buga wa alamar CE ta cika ƙa'idar Turai, ba lambar ISO, ba adireshin kamfani, sosonta kamar na kwalin firiji, maɗaurinta kuma ya ɓalle da ja ɗaya. Ko ta gaske ce, sosonta yana raguwa da shekaru, don haka wannan kam ba na sayen gwanjonta ko kaɗan. A ɗaure ta, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. Idan ta haura kunne, ta yi yawa.

Abin kiran taimako a aljihun wannan rigar yake zama, ba a cikin kwalekwale ba, domin iska tana iya raba ka da shi cikin daƙiƙu. Waya a jakar hana ruwa ta isa a kira 999, a bakin teku kuma a nemi masu gadin gaɓa. Wanda zai yi nisa ya ƙara da rediyon VHF, inda tasha ta 16 take ta neman agaji, ko ƙaramar na'urar PLB mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, wadda ake yi wa rajista da sunan mai ita.

Rigar da nake sawa yanzu sabuwa na saye ta a shago, bayan na tara kuɗin wata biyar. Ranar farko ban hau kwalekwale ba. Na tsuguna na buɗe wuyan da yatsa iska ta fita, na shiga ruwa iya ƙirji a bakin gaɓar Luss, abokina yana tsaye kusa, na kwanta rigingine minti biyar, sannan na fito na cire ta na shafa kayan ciki daga wuya har safa ina neman danshi. Haka nake yi a farkon kowace kakar tuƙi.